Ruwan Bature, Ƙotar Gida: Ina Darajar Tsohon Takobi Take?

Daga bakin kogin Senegal har zuwa gaɓar Bahar Maliya, akwai wani rukunin tsofaffin takubba da ya daɗe yana rikita dillalai da masu tara kayan tarihi. Ƙotar ta gida ce, kuben aikin dukawa ne, hamilar saƙar hannu ce, amma da an zare sai a ga ruwan takobin ɗauke da rubutun wata masana'antar makamai ta Faransa, ko hatimin gwamnatin Ingila, ko tambarin wani maƙeri na garin Solingen da ke Jamus. Wani ruwan ma tun asali domin sojan dokin Turai aka ƙera shi, ya yi aikinsa, aka yi gwanjonsa, sannan ya ƙetaro teku da Sahara ya shiga hannun barde. Kasuwar yau kallo iri biyu take yi wa irin wannan takobi. Masu tara makaman sojan Turai suna ɗaukarsa takobinsu ne da aka ɓata, masu neman kayan Afirka zalla kuma suna ganin gaurayen da ba shi da asali. Duka biyun, a ganina, sun yi kuskure, kuma kuskuren ya jawo asarar kayan tarihi da ba za a iya mayarwa ba. Takobin abu guda ne, kuma shaidarsa mafi tsada tana daidai wurin da ruwan baƙo ya haɗu da aikin maƙerin gida. Wanda bai iya karanta wannan mahaɗa ba, bai san abin da yake riƙe da shi ba, ko da ya haddace tambarin kowace masana'anta.

Ɗora ƙota a kan ruwan da aka shigo da shi tsohuwar sana'a ce mai cin gashin kanta, kuma Kano na cikin manyan cibiyoyinta. Matafiyi Bature Hugh Clapperton, wanda ya shiga birnin a Janairun 1824, ya rubuta cewa ruwan takubban da ya gani daga tsibirin Malta ake kai su Bangazi, a yi musayarsu da shanu, su ratso hamada zuwa Barno, sannan a Kano a yi musu ƙota da kube a rarraba su ƙasashe. Shi ya ɗauka tsofaffin makaman mayaƙan Malta ne. Shekara 27 bayan haka, a 1851, wani matafiyin, Heinrich Barth, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa kasuwar Kano a shekara, kowane a kan wuri 1,000, kuma kusan duk waɗanda ya gani, har a hannun Buzayen da ke kusa da Tambutu, ƙirar Solingen ne. Ya ambaci Buzayen Kel Owi da Hausawa da Fulani da Nufawa da Barebari a matsayin masu sayen wannan kaya. Ko da an rage wani abu daga ƙiyasin Barth, abin da ya rage ya isa hujja: takobin da barde ya rataya a ƙarni na 19, wanda kowa ya san na ƙasar nan ne, sau da yawa ruwansa ɗan ci-rani ne. Babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin aibu a lokacin. Ruwa kaya ne da ake saye kamar yadda ake sayen takarda ko alharini, takobi kuwa sai an gama shi a maƙera da rumfar baduku.

Sai dai dole a bambanta abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akasarin abin da Barth ya ƙirga sababbin ruwa ne, miƙaƙƙu masu kaifi biyu, da aka ƙera musamman domin fatauci. Ruwan soja da aka sake wa aiki wani rukuni ne daban, ya fi ƙaranci, kuma hanyarsa daban. Bayan yaƙe-yaƙen Napoleon sun ƙare a 1815, rumbunan makaman Turai sun cika da takubban da babu masu riƙe su, kuma duk lokacin da wata runduna ta sauya samfuri, tsohon sai ya faɗa hannun 'yan gwanjo. Daga nan ne lanƙwasassun ruwan sojan doki suka bazu. A ƙasashen Mandinka an ɗora su a kan ƙotar fata marar kariyar hannu, da kube mai faɗaɗɗen ƙarshe kamar ganye. A Maroko sun shiga takobin nan da ake kira nimsha. A Indiya, hafsan Ingila Louis Nolan ya bayar da labari a littafinsa na 1853 cewa ya yi mamakin munin raunukan da mahayan Nizam na Haidarabad suke yi wa abokan gaba, da ya bincika sai ya tarar tsofaffin ruwan sojan dokin Ingila ne da aka yasar, suka yi musu sabuwar ƙota, suka wasa su, suka ajiye su cikin kuben itace. Kuben ƙarfe na sojan Ingila yana cinye kaifi a duk zara da mayarwa, na itace kuwa ba ya yi. Wato ruwan ya fi yin aikin da aka ƙera shi dominsa a gidansa na biyu. Wannan shaida daga bakin hafsan Turai ta fito, kuma ita kaɗai ta isa ta sa mai cewa "an ɓata shi" ya sake tunani.

Gane ruwan soja ba shi da wuya ga mai haƙuri, domin gwamnatoci ba sa sayen makami sai sun buga masa shaida. A fara da siffa kafin tambari. Ruwan fatauci yakan zama shimfiɗaɗɗe, kaurinsa kusan ɗaya daga gindi zuwa tsini. Na soja yana da kauri sosai a gindi, ya riƙa sirancewa a hankali, gadon bayansa a daidaice, kwarin da ke tsakiyarsa mai faɗi ne kuma santsinsa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Takobin sojan dokin Faransa samfurin 1822, wanda ake yawan gani a yammacin Sahel, tsawon ruwansa ya kai kimanin santimita 92, lanƙwasarsa kaɗan ce, yana da kwari mai faɗi da wani siriri kusa da gadon baya. A kan gadon bayan nan, kusa da ƙota, Faransawa kan rubuta sunan masana'anta da wata da shekara da rubutun hannu mai jan layi: Klingenthal, wadda aka kafa a 1730, ko Châtellerault, wadda aka kafa a 1819. A gindin ruwan kuma akwai 'yan ƙananan haruffa cikin da'ira, hatimin jami'an da suka gwada shi. Na Ingila samfurin 1796 ya fi lanƙwasa, kuma yana ƙara faɗi wajen tsini, siffar da Furusiya ta kwaikwaya a 1811, don haka ganin siffar kaɗai ba ya tabbatar da ƙasar. Kayan gwamnatin Ingila na ɗauke da alamar kan kibiya, kuma idan aka ga kibiya biyu suna fuskantar juna, an sayar da makamin ne daga hannun soja bisa ƙa'ida. Kamfanin Wilkinson ya fara buga lamba a gadon bayan takubbansa a 1844, kuma da lambar ana iya gano shekarar ƙira. Sannan akwai wuƙaƙen bakin bindiga, waɗanda aka mayar da su gajerun takubba da wuƙaƙen ɗamara: ta bindigar Chassepot ta 1866 mai lanƙwasa biyu, da ta Gras ta 1874 mai kaurin baya. Maƙeri na iya cire duk wani abin maƙalawa a bindiga, amma siffar ruwan ba ta ɓuya.

To amma a nan ne mutane da yawa suke tsayawa, alhali nan ne aikin ya fara. Shekarar da ke kan gadon baya ranar haihuwar ruwan kawai take faɗa. Takobin da ruwansa ke ɗauke da 1845 ba zai girmi 1845 ba, amma yana iya zama an haɗa shi a 1870, ko a 1930, ko a bara. Tambari kuma yana ƙarya, kuma Turawa ne suka fara koya masa. Hoton kyarkeci mai gudu da ake gani a kan ruwan takobi alamar garin Passau ce, maƙeran Solingen suka ɗauka suna bugawa. Sunan Andrea Ferara, maƙerin Italiya na ƙarni na 16, an ci gaba da buga shi a kan ruwan Jamus shekaru aru-aru bayan mutuwarsa, domin mutanen Sikotilan suna sonsa. Maƙeran Sahel su ma sun bi wannan hanya. Jinjirin wata biyu masu fuskar mutum da ake gani a kan takubban Buzaye da Hausawa asalinsu alamar Turai ce, amma mafi yawan waɗanda ke hannun mutane a nan aka buga su, da hatimin da ya sha aiki har fuskar ta dushe, a kan ruwa mai layi uku da aka sassaƙa da hannu, irin wanda ake kira tamogashi. Lloyd Cabot Briggs ya yi dogon nazari a 1965 kan ruwan Turai a takubban Buzaye, kuma babban abin da mai karatu ke tsinta a ciki shi ne wahalar raba tambarin asali da kwaikwayonsa. Ban ɗauki wannan kwaikwayo a matsayin zamba irin ta yau ba. Mai saye a Agadas ko Damagaram ya san maƙerin da ya yi masa aiki, alamar ta riga ta zama wani ɓangare na kamannin takobi nagari. Zamba tana shigowa ne lokacin da dillalin zamani ya nuna jinjirin watan ya ce ga shaidar ƙarni na 16, ko ya maimaita tsohuwar tatsuniyar matafiyan Turai cewa takubban Sudan ragowar yaƙin 'yan Salibiyya ne, alhali galibinsu ƙirar ƙarni na 18 da na 19 ne.

Shaidar da ta fi wuyar ƙirƙira tana mahaɗa. Ruwa da ƙota da suka yi shekara ɗari tare suna tsufa tare: tsatsar da ke gindin ruwan takan shige ƙarƙashin kariyar hannu ba tare da yankewa ba, dattin da ya taru a lungun ya zama baƙi mai tauri, fatar ƙota ta lotsa daidai inda yatsu ke kamawa, bakin kube ya goge daidai faɗin wannan ruwan. Ƙarshen wutsiyar ƙarfen da ta ratsa ƙota, inda aka dake ta a saman dunƙulen kai, launinta ɗaya da abin da ke kewaye da ita. Sannan akwai gyaran da maƙeri ya yi wa ruwan kansa domin ya dace da hannun mai shi. Takobin Sahel na sara ne, saboda haka sau da yawa an daddage tsinin ya zama kewayayye, wani lokaci an fitar wa ruwa mai kaifi ɗaya kaifi na biyu a rabinsa na gaba. Shekarun wasawa a kan dutse suna sa ruwan ya rame daga tsakiya zuwa tsini, har kwarin ya kusa fita gefe. Mafi daɗin gani a wurina shi ne inda aka maƙale gindin ruwan tsakanin faranti biyu na ƙarfe aka dake da ƙusoshi, domin a ƙara wa gajeren ruwa tsawo ko a ceci wanda wutsiyarsa ta karye. Ba a yi wa ruwan banza wannan wahala. Duk inda aka ga faranti irin wannan, wani ya taɓa ganin ƙarfen ya cancanci aikin kwanaki. Haɗin jiya kuwa yana tona kansa: gam a lungu, sawun injin wasa ƙarfe masu layi ɗaya, fata mai warin hayaƙi wadda ba ta goge a ko'ina ba, kube da ruwan ke rawa a cikinsa, ko ruwa mai ramukan tsatsa a jikin ƙotar da ba ta taɓa shan zufa ba. Kayan haɗin ma suna ba da zamani. Alminiyam da roba na ƙarni na 20 ne, haka ma ruwan da aka yanka daga sifirin mota.

Mai tara makaman soja zai ce duk da haka an rasa ƙotar asali, kuma takobin 1822 cikakke da kubensa na ƙarfe ya fi wanda aka sauya. Idan samfurin soja yake nema, gaskiyarsa ne, kuma ba zai sha wahalar samu ba, domin dubbai aka ƙera iri ɗaya, da yawa ba su taɓa barin rumbu ba. Wanda ya bi ta hannun maƙerin Segu ko na Kano kuwa ba shi da na biyu. Abin baƙin ciki shi ne wannan ra'ayi ya sa wasu suna kwance ƙotar gida su jefar, su nemo ta tagulla irin ta soja su ɗora, wai sun mayar da shi asalinsa. Abin da suke samu a ƙarshe shi ne ramammen ruwa mai kewayayyen tsini a cikin ƙotar da ba tasa ba, wanda masanin makaman soja zai ƙi, tarihin Afirkan kuma ya riga ya tafi juji.

Ƙorafi na biyu daga gida yake fitowa, kuma ya fi cancantar a saurare shi. Akwai masu jin cewa yawan maganar ruwan Turai rage darajar maƙeranmu ne, kamar ana cewa ba su iya ƙera takobi ba. Tarihi bai goyi bayan wannan fargaba ba. An narka tama a Taruga, a yankin al'adar Nok, ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, kuma labarin kafuwar Kano kansa yana farawa ne da maƙeran da suka zo Dala neman tama. Maƙeran Samori Ture, kafin Faransawa su kama shi a 1898, har bindigogin zamani suke gyarawa suna kwaikwaya. Abin da Solingen ta fi su shi ne yawa da araha: injinan da ruwan kogi ke juyawa, da rabon aiki tsakanin mai dukan ƙarfe da mai ba shi ruwa da mai wasawa, sun sa ana fitar da dogon ruwa mai lanƙwasuwa ya dawo, dubu bayan dubu, a farashin da zuga-zugi ba zai iya gasa da shi ba. Maƙeran London da Edinbara ma daga can suke saye. Takobin Sikotilan mai ƙota kamar kwando, wanda ya zama alamar ƙasar, ruwansa sau da yawa na Jamus ne, kuma ba a taɓa jin wani ya ce saboda haka ba nasu ba ne. Ma'aunin da aka yi wa Edinbara shi ya kamata a yi wa Kano.

Ƙorafi na uku shi ne mafi ƙarfi. Za a ce, tunda fata tana ruɓewa kuma kowane tsara yana sabunta ƙota da kube, har yau ma ana yi domin hawan Sallah, da wane dalili za a fifita wani haɗin a kan wani? Gaskiya ne cewa ruwa guda yana iya cin ƙota uku ko huɗu, kuma takobin da ba a taɓa taɓawa ba tun ƙarni na 18 abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Amma tambayar da ta dace ita ce domin wa aka yi sabuntawar. Kuben da baduku ya ɗinka a 1950 domin hakimi ya hau da takobin kakansa wani babi ne na rayuwar takobin, ya kamata a faɗi shekarunsa a fili, a kuma ƙimanta shi a matsayinsa. Wanda aka haɗa a bayan shago daga tarkacen takubba uku, aka shafa masa toka da manja domin baƙo ya saya, ba shi da babin da zai ƙara. Duka biyun sababbi ne idan aka gwada da ruwan, amma ɗaya gado ne, ɗayan kuwa haja ce da aka yi wa ƙaryar shekaru.

Wannan ya kawo mu ga labarin baka, inda ake bukatar ladabi da gaskiya tare. Gidaje da yawa suna riƙe da takobin da aka ce ya halarci jihadin 1804. Idan gadon bayansa na ɗauke da rubutun Châtellerault, wannan ruwan bai je yaƙin Tabkin Kwatto na wannan shekara ba, domin ba a kafa masana'antar ba sai bayan shekara 15. Hakan ba ya nufin dattawan gidan sun yi ƙarya. Ana iya sauya ruwan da ya karye a riƙe sunan takobin, kuma labari yakan tashi daga wani makami ya sauka a kan wani. A. D. H. Bivar, a nazarinsa na 1964 kan makaman fadojin Arewa, ya gwada wannan hanya ta ɗora abin da ƙarfe ya nuna kusa da abin da fada ta riwaito, ba tare da ya wulaƙanta ɗaya domin ɗaya ba. A kasuwar Turai kuwa, takarda ce ke ɗaga farashi: wasiƙa ko tsohuwar alama da ke nuna an ɗauko takobin a filin yaƙin Karari a 1898, ko a Kano da Sakkwato da Burmi a 1903. Ya kamata mai karatu ya lura da abin da irin wannan takarda take tabbatarwa. Tana tabbatar da shekaru, tana kuma tabbatar da cewa ganimar yaƙin mamaya ce, wataƙila daga hannun wanda ya faɗi a wurin. Ba daidai ba ne a karɓi rabin farko na shaidar a kau da kai daga rabi na biyu.

Idan aka zo ƙimantawa, farashin gwanjo yana hawa yana sauka da yayi, amma jerin abin dubawa ba ya sauyawa. Tsufan haɗin da gaskiyarsa ne a gaba, sai cikar kaya, wato kube da zobba da hamila, sai sanin hannun da ya bi, sai ingancin aikin ƙota, musamman zanen maƙeran fari a kan tagulla ko azurfa. Sunan masana'antar ruwan a ƙarshe yake zuwa, yana ƙara armashi kuma yana kafa iyakar shekaru, amma shi kaɗai ba ya mayar da haɗin jiya kayan tarihi. Abin da ya fi karya daraja kuwa ba tsatsa ba ce, gyaran ganganci ne. Samfefa da injin gogewa da ruwan batir suna share rubutun gadon baya da hatiman jami'ai cikin minti kaɗan, su kuma kankare baƙin da ke mahaɗa, wanda shi ne shaidar da ba a iya sayowa. Ɗan mai kaɗan da tsumma mai laushi, da ajiya a inda babu laima, sun wadatar.

A Nijeriya akwai kuma doka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, kuma ba a fitar da su ƙasar waje sai da izinin hukumar. Wanda zai fake da cewa ruwan na Faransa ne domin ya tsallake wannan doka, ya sani ƙotar da kuben da gyaran tsinin duk a nan aka yi su. Ga duk gidan da ke da irin wannan takobi a rataye ko a ƙarƙashin gado, kira na shi ne kada a goge shi, kada a kwance ƙotarsa, kada kuma a miƙa shi ga mai yawon sayen tsofaffin kaya. A ɗauki hoton rubutun gadon bayansa da mahaɗarsa, a zauna da dattijon da ya fi kowa sanin labarinsa a rubuta sunan wanda ya fara rataya shi da waɗanda suka gaje shi, a ajiye takardar tare da takobin.